Mushe yana hutu, kayen bashi bai huta ba

Tun da aka rufe lakol, aka gama jarrabawar satifika da BEPC da BAC tsakanin watan Yuni da Yuli, duk mai rumfa a kasuwa ya ga baƙon da ya ƙaru masa. Mutum ne mai tsabtar riga, da bik soke a aljihu, yakan iso da hantsi bayan an gama shimfiɗa kaya, ya yi sallama, ya ja benci ya zauna. Ya tambayi kuɗin tiyar hatsi, alhali jiya ma ya tambaya. Ya ɗauki rediyon mai rumfa ya murɗa, ya ajiye. Idan ya ɗaga kai ya ga allon shagon da ke kallonku an rubuta Faransanci da kuskure, sai ya yi tsaki shi kaɗai. Mushe ne, malamin ƴaƴanmu, yana cikin babban hutu.

Abin da ake faɗa a bayan idonsa mun sani, don mu ma a kasuwar nan muke cefane. Ana cewa wa ya kai malamin lakol jin daɗi: wata uku yana kwance gwamnati na biyansa, alhali mai tuyar ƙosai ko ranar salla da ƙyar take sauke kasko. Maganar tana da daɗin faɗa. Amma kafin Hajiya ta sake faɗarta, muna roƙon ta buɗe kayen da take rubuta bashi, ta duba sunan wa ya fi yawa a shafin watan Agusta. Alhaji mai kanti shi ma ya duba nasa. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, wanda ya duba zai tarar da “Mushe” ko “Madam” an rubuta an sake rubutawa, wani wurin an soke, wani wurin ba a soke ba tun kafin azumi.

Akwai wani mushe da muka daɗe da sani, ɗan kwantiragi ne a wani ƙauye na kudancin ƙasa, ya fi shekara 10 da alli a hannu. Sunansa ba shi ne abin nema ba, domin kowace unguwa tana da irinsa. Duk hutu yakan biyo ta wurinmu, kuma da ganin fuskarsa muna iya faɗin ko wane wata ake ciki.

Mako biyu na farko mutumin kirki ne. Muryarsa da ta dushe wajen yi wa yara fiye da 70 magana ta dawo, ya yi barcin da ya yi wata tara yana binsa bashi, ya zagaya dangi, ya je gaisuwar mutuwar da aka yi yana daji, har da ba yara dala biyar-biyar. Da Yuli ya raba tsakiya sai zaman ya fara isarsa. Mutumin da ke jure hayaniyar aji guda, yanzu ƙaramin ɗansa ya buga gwangwani sai faɗa. Uwargida ta fara tambayarsa da safe: “Malam, yau ba ka fita ne?” Shi ya sa kuke ganinsa a rumfa.

Agusta kuwa ba a magana. Ku kun fi mu sanin watan nan: rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, tiya ta hau, sauro ya sauka, kowane gida da mai zazzaɓi kwance. Ɗakin hayar da yake ciki yana yoyo, an jera kwanoni a tsakar ɗaki, mai gida ya ce gyara sai bayan damina amma kuɗin haya ba ya jiran bayan damina. Ana cikin haka sai saƙo daga ƙauyensu: ciyawa ta ci gona, a turo na ƴan ƙwadago, a turo na taki. A wurin danginsa shi ma'aikacin gwamnati ne, wanda duk gidan suka haƙura da aikinsa a gona shekara da shekaru don ya yi karatu. Ta yaya zai ce musu babu? A wannan watan ne za ku gan shi ya karɓi babur ɗin maƙwabci yana kabu-kabu da dare, ya ja rawani ya rufe fuska don kada wani ɗalibinsa ya tsayar da shi. Wani ya koma gona, wani yana sayar da katin waya, wanda ya yi sa'a ya samu ƴaƴan wani mai hali yana yi musu darasi a gida. Ya taɓa gaya mana cewa abin da ya fi ci masa rai shi ne ranar da ya sauke wata mata a bakin kasuwa, ta miƙo kuɗi, ta dube shi ta ce: “A'a, Mushe, kai ne?” Ta ƙi karɓar canjinta. Ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Da Satumba ya kama sai fushi ya koma fargaba. Takardar canjin wurin aiki tana iya fitowa kowace rana, tana iya kuma kai wa har an koma lakol ba ta fito ba. Bai san ko zai biya hayar wata mai zuwa a nan ba, bai san inda zai rubuta nasa ƴaƴan ba, bai san ko za a jefa shi gefen iyaka inda ƴan bindiga ke satar mutane ba. Ɗan kasuwa ba ya ɗaure kaya sai ya san kasuwar da za shi. Malami kuwa ana so ya zauna da kayansa a ɗaure yana sauraro.

To, nawa ne ma ake ba shi? A shekarun 2010, abin da ake kira pekil na ɗan kwantiragin firamare jika 75 ne a wata, na sakandare jika 100. Ba za mu faɗa muku kuɗin buhun shinkafa ko na hatsi ba, ku ke sayar da su. Ku cire haya, ku cire ruwa da wuta, ku cire kuɗin motar zuwa gari karɓar kuɗin da kansu, ku ga abin da ya rage wa mai mata da yara huɗu. Ku tuna kuma yadda kaya suka yi tashin gwauron zabo bayan 26 ga Yuli 2023, lokacin da ƙungiyar CEDEAO ta sa wa ƙasarmu takunkumi aka rufe iyakoki. Ɗan kasuwa ya sha wuya a lokacin, amma shi yana iya ƙara dala bisa kayansa. Mai albashi ba shi da abin da zai ƙara wa dala. Ƙarancin kuɗin ma, in ji malaman da kansu, da sauƙi a kan rashin sanin ranar zuwansu. Wanda ya san ranar 30 zai karɓa yana iya tsara cikinsa. Wanda wata ya mutu, wani ya kama har ya yi nisa yana leƙen waya, shi dole ya zo wurin Hajiya ya ce: “Rubuta mini.” Ke nan duk ranar da baitulmali ya yi jinkiri, mai sayar da shinkafa da mai sayar da mai su ke ba gwamnati rance ba tare da an tambaye su ba, ba kuma riba. Wannan kaɗai ya isa ya sa maganar malamai ta zama maganar kasuwa.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne. Manya daga cikinku sun ga lokacin da mushe yake mutum na biyu a gari bayan mai gari, shi ke karanta wasiƙa, shi ake kai wa ƙwai da kaza, kowa na son ba shi ɗiya. Sai kuɗin uraniyom suka faɗi a shekarun 1980, Bankin Duniya da asusun FMI suka zo da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu, aka rage ɗaukar ma'aikata. A shekarun 1990 ma'aikata suka riƙa yin watanni ba albashi, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A gefe guda kuma yara sai ƙaruwa suke. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ɗoriya, a lokacin muna ƙaruwa da kashi 3,9 cikin 100 kowace shekara, kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba. Dokar tsara ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta ce karatu hakkin kowane ɗan ƙasa ne. Ina kuɗin biyan malaman da za su karantar da kowane ɗan ƙasa? Dabarar da aka samo ita ce malami mai araha. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara ɗaukar ƴan sa-kai a kan jika 35 a wata, daga baya aka sake musu suna suka zama ƴan kwantiragi, shirin raya ilimi na shekara 10 da ya fara a 2003 ya ɗauke su dubbai bisa dubbai. Kafin a farga, a shekarun 2010 kusan 8 cikin kowane malaman firamare 10 ƴan kwantiragi ne.

Gaskiya ɗaya ce, dabarar ta buɗe lakol a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. A shekara ta 2000 kimanin kashi 34 cikin 100 na yaran da suka isa shiga firamare ke ciki, a shekarun 2010 an haura kashi 70. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma bisa wuyan waɗannan samari da ƴan mata masu jika 35 da jika 75 aka yi shi. Sai dai Bahaushe ya ce araha ba ta ado. An ɗauki mutane da yawa ba tare da sun bi ta makarantun horon malamai irin na Damagaram da Maraɗi da Tawa da Doso ba, wasu horon ƴan makonni aka yi musu aka miƙa musu alli. Da aka zo awo sai tiya ta ƙi cika. A binciken PASEC na 2014, wanda ya gwada yaran ƙasashe 10 na Afirka masu aiki da Faransanci, Nijar ce ta zo ƙarshe: cikin yara 100 da ke gama firamare, waɗanda suka kai matakin karatun da ake bukata ba su kai 10 ba. A na 2019 an ɗaga zuwa kimanin 30. An ci gaba, amma har a lokacin yara 7 cikin 10 suna fita CM2 ba su iya karanta takarda su gane ta yadda ya kamata.

A cikin babban hutu irin wannan ne, a watan Yulin 2017, ma'aikatar ilimin firamare ta tara ƴan kwantiragi ta yi musu jarrabawa. Ƙungiyoyin malamai sun ce kada a shiga, da yawa sun shiga. Kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka samu 10 bisa 20, aka soke kwantiragin dubbai. Mushenmu ya ci, amma har yau idan aka tayar da zancen sai ransa ya ɓaci. Ba ya musun cewa akwai waɗanda ba su cancanci tsayawa gaban yara ba, ya ce ya zauna da wanda ba ya iya rubuta takardar neman izini. Tambayarsa ita ce: wa ya ɗauke su? Mu ma tambayarmu ke nan. Wanda ya sayi buhu bai kwance bakinsa ya duba ba, ya kai gida ya ajiye shekara 10, ranar da ya buɗe ya tarar da tsakuwa, ba buhun kaɗai ke da laifi ba. An san yadda wasu suka samu kwantiragi: ɗan wane ne, ɗan jam'iyya ne, takardar shaidar ma wani lokaci saye aka yi. An kori na ƙasa, ba mu ji an tambayi waɗanda suka sa hannu ba.

Ba kuma kullum rashin kuɗi ne ba. Ba mu manta da abin da aka kira badaƙalar MEBA ba. A 2006 bincike ya gano an yi wasa da kuɗin da aka ware wa ilimin firamare, ta hanyar da kowane ɗan kasuwa ya gane: a sayi kaya a rubuta kuɗin da ya fi nasu, ko a rubuta an kawo alhali ba a kawo ba. Masu ba da tallafi suka dakatar da kuɗinsu, tsofaffin ministocin ilimi biyu suka shiga kaso, a ranar 31 ga Mayu 2007 majalisar dokoki ta kayar da gwamnatin Hama Amadu a kan wannan magana. Abin da ba a cika son faɗa ba shi ne, minista ba ya rubuta takardar sayayya shi kaɗai, sai da ɗan kasuwar da ya yarda ya sa hannu. Tebur da bencin da yaro bai samu ba ya zauna ƙasa, wani daga cikinmu ne ya karɓi kuɗinsu.

Idan ka bar mushenmu ya yi ta magana, daga kuɗi sai ya gangaro kan rumfar kara, nan ne kuma muka fi ba shi gaskiya. A takarda shekarar karatu wata tara ce, daga Oktoba zuwa Yuni. A ƙauyen da ajinsa na kara ne, ba a samun karan sai an gama girbi an kai hatsi rumbu, sa'an nan uwaye su sami sukunin yanko shi su kafa. Kafin a zauna Nuwamba ya yi nisa. Sanyi ya zo, iska na ratsa zana, ƙura na cika idon yara. Bazara ta zo, ƙarfe 11 ba mai iya zama. Hadarin farko na Mayu ko Yuni ya kwashe rumfar gaba ɗaya, uwaye su kwashe yaran su tafi shuka. Cire kwanakin yajin aiki, cire na zuwa karɓar albashi, cire ranakun kasuwa. Abin da ya rage shi ake so a cusa karatun wata tara a ciki, sa'an nan a zo a ce yara ba su da ƙoƙari.

Da a ce ɓata lokaci ne kaɗai, da da sauƙi. Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama azuzuwan kara a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka ƙone, yawancinsu ƴan ƙanana. Ba a cika wata bakwai ba, ranar 8 ga Nuwamba 2021, aka sake yi a Maraɗi, yara aƙalla 25 masu shekara biyar zuwa shida. Allah ya jiƙan su, ya ba uwayensu haƙuri. Hukumomin lokacin da bakinsu suka ce akwai azuzuwan kara kimanin 36.000 a faɗin ƙasa. An yi alkawura, an gina wasu, amma duk wanda ya fita gari kilomita kaɗan bayan girbi zai ga ana kafa sababbi. A 2024 kuma ruwa ne ya zo da nasa: ambaliya ta rushe azuzuwa, waɗanda suka tsaya aka zuba waɗanda gidajensu suka faɗi a ciki, gwamnati ta ɗage komawa lakol daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Watannin nan da mushe ke zaune a rumfarku yana murɗa rediyo, su ne watannin da ya kamata a ce ana liƙa kwano, ana gyaran benci, littattafai na kan hanya, kowane malami ya san garinsa. Mu kuwa al'adarmu sai ranar buɗewa a ga manya a talabijin suna raba kaye a wata makarantar birni da aka share jiya.

Akwai maganar harshe, wadda mushenmu ke da zafi a kanta fiye da yadda muka zata. Ya ce a duba yarinyar da ke taya uwarta tsare tire a kasuwa. Shekararta takwas, a ba ta jika guda a sayi goron dala talatin da biyar, ta mayar da canji ba ta ɓata ko dala ba, ba ta taɓa alƙalami ba. A kai ta aji a yi mata wannan lissafin da Faransanci, sai ta zura ido, a rubuta mata sifiri, a ce ba ta da kai. Kanta lafiya lau, harshen ne ba ta ji. Shekara biyu ko uku na farko yaro yana kokawa da abu biyu a lokaci guda, karatun da kuma harshen karatun, da yawa a nan suke sarewa. Ƙasarmu ta san wannan tun da daɗewa: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda ake fara wa yaro da Hausa kafin Faransanci, aka kuma yi irinta da sauran harsunanmu. Fiye da shekara 40 abin yana amsa sunan gwaji. A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Mu da muke rubutu da Hausa ba za mu ce ba mu ji daɗi ba. Amma takarda ba ta karantar da yaro. Malamin da aka horar da Faransanci, jin Hausa a gida ba ya sa ya iya koyar da rubutunta, balle a aika wanda ba ya jin Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci garin da shi ake yi. Sai an buga littattafai, an horar da mutane, an kuma tabbatar wa uwaye cewa yaron zai fito da Faransancin da zai nemi aiki da shi. Idan ba haka ba, masu hali za su kwashe nasu su kai makarantun kuɗi, a bar ɗan talaka da wani sabon gwajin.

Kan satifika ra'ayinsa biyu ne. An soke jarrabawar kimanin shekara 10, aka maido da ita a 2024. Ya ce lokacin da babu ita yara sun riƙa kwarara siziyam ba su iya rubuta sunansu ba, kolej ta kore su bayan shekara ɗaya ko biyu, su dawo gida ba karatu ba noma. Ya yi murna da dawowarta. Sai dai awo ba ya ƙara wa hatsi auki, kuma yana tsoron a koma sayen sakamako. Mu ma muna tsoro, don mun san masu sayen ba daga wata ƙasa suke zuwa ba.

Kada malamai su ɗauka mun zo wanke su ne tas. Akwai wanda ke tafiya karɓar albashi ranar Laraba ya dawo Talatar sama. Akwai wadda ke zaune bakin aji da waya a hannu, ta sa babban yaro yana rubuta sunan masu surutu. Akwai wanda ke rage karatu a aji don a biya shi darasin yamma, akwai kuma, abin kunya, wanda ke bin ƴan matan da aka ba shi amana. Irin wannan ba canjin gari ya kamace shi ba, gaban alƙali ya kamace shi. Yajin aiki hakki ne, kuma mun san sau da yawa ba a sauraron malami sai ya ajiye alli. Amma ƙungiyoyi irin su SNEN da SYNACEB su sani, ɗan minista ba ya cikin ajin da ake rufewa. Ɗan mai ƙosai ne a ciki, wadda kuma ita ce ke ba malamin bashi.

Abin da muke nema ga hukuma ba ya bukatar taron ƙwararru a babban otel. A sa wa albashin ɗan kwantiragi rana, a riƙe ta kamar yadda ake riƙe ta soja. Wanda ya yi shekaru yana aiki, aka gwada shi aka ga ya iya, a gaya masa a fili shekarar da zai samu lambar matirkil, ya daina tsufa yana jiran jerin sunaye. Mutumin da bai san ko yana da fansho ba, ranar da ya samu aikin dogane ko na wata ƙungiya ba zai waiwayo ba, kuma waɗanda suka fi iyawa su ke fara tafiya. Takardun canjin wuri su fito tun Agusta. Wanda aka tura daji mai nisa ko wurin da ba tsaro a ƙara masa wani abu a kai, in ba haka ba kowa zai ci gaba da neman mai tsaya masa don ya zauna birni, ana tara malamai uku a aji guda a Yamai, ƙauye kuma malami ɗaya na riƙe da aji uku.

Saura namu. Kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin uwaye da ke sa ido kan tafiyarta, wanda aka sani da COGES ko CGDES, akwai kuma ƙungiyar uwaye mata ta AME. Sau nawa aka kira taro kuka ce ranar kasuwa ce? Mata ƴan kasuwa da ke riƙe adashin mutum 40 ba a taɓa ɓatan dala ba, su ya kamata su riƙe asusun kwamitin nan, su tambayi darakta nawa aka tara, me aka saya. Alhazan da Allah ya buɗa wa, aji ɗaya na siminti da kwano bai kai kuɗin motar da ake sake wa yaro ba, kuma shekara 30 yana aiki. Maganar talla kuma mun san ba daɗi ke sa uwa ta ɗora wa ɗiyarta tire ba, wani gidan da cinikin nan ake ɗora tukunya. Ba mu ce a daina ba. A bar shi sai an taso, a bar shi ranar da ba karatu. Tun Disamba 2017 akwai dokar da ta ce a kare yarinya a bar ta a makaranta, amma doka ba ta shiga ɗaki da asuba lokacin da ake yanke shawarar wa zai je lakol wa zai je tasha. Yarinyar da ta iya karatu ita ce gobe za ta karanta miki saƙon kuɗi a waya ba sai kin miƙa wa yaron shago ba, ta duba takardar haraji ta gaya miki ko an ƙara miki.

Nan da ƴan makonni mushenmu zai zo da wata bukatar: kaye da bik da allo na nasa ƴaƴan, da ɗan garin rogo da sukari da zai ƙulla ya tafi da su daji. Zai ce a rubuta. Wadda ke da hali ta rubuta, wadda ba ta da shi ta gaya masa da mutunci, ba a gaban mutane ba. Kafin ya tashi, Hajiya, ki tambaye shi yara nawa ke ajinsa, benci nawa ne, littafin karatu nawa suke rabawa, da ranar da za a yi taron uwaye na farko a makarantar unguwarku. Ki rubuta ranar a bayan kayen.